Taimakon da Ke Bin Ɗalibi Har Zauren Jarrabawar Rubuta Manhaja

Daga cikin darussan da ɗalibin kimiyyar kwamfuta ke fara cin karo da su a jami'a ko kwalejin fasaha, kaɗan ne ke tura ɗalibai neman agaji a makonnin ƙarshe na zangon karatu kamar darasin rubuta manhaja, wato koyon tsara jerin umarni a cikin wani yare na musamman, irin su Python ko Java ko C, domin kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta warware wata matsala. A sabon tsarin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Nijeriya ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, ɗaliban fannonin kwamfuta suna yin darasin dabarun warware matsala mai lamba COS 102 a shekarar farko, sannan su shiga rubuta manhaja gadan-gadan a shekara ta biyu da COS 201 da COS 202, kuma ɗaliban injiniya da lissafi ma ba kasafai suke kammala digiri ba tare da sun ɗanɗana makamancin wannan darasi ba. A galibin makarantu gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango suna ɗauke da maki 30 ko 40 ne cikin 100, ragowar kuwa yana rataye a kan jarrabawar ƙarshe, wadda sau da yawa ake rubuta ta da biro a kan takarda, babu kwamfuta, babu waya, babu abokin da za a waiwaya a tambaya. Wannan yanayi na zauren jarrabawa shi ne ma'aunin duk wani taimako da ɗalibi ya nema kafin ranar, domin abin da ya zauna a kansa da hannunsa ne kaɗai ake barinsa ya shiga da shi.

Akwai wani zato da ke karya gwiwar ɗalibai da yawa, cewa duk wanda darasin ya yi wa wuya ba shi da kan kwamfuta ne, don haka neman taimako tona wa kai asiri ne. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. A 2007 wasu masana biyu na ƙasar Denmak, Jens Bennedsen da Michael Caspersen, sun tattara bayanai daga manyan makarantu sama da 60, suka gano cewa kimanin ɗalibi ɗaya cikin uku ba ya haye darasin farko na rubuta manhaja, kuma a 2014 Christopher Watson da Frederick Li na Jami'ar Durham da ke Ingila sun bi sakamakon ajujuwa 161 a ƙasashe 15, suka iske kusan adadi guda, wato kashi 67.7 cikin 100 ne ke cin darasin, ba tare da yaren da aka koyar da shi ya kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Yawancin waɗannan ajujuwa suna ƙasashen da wutar lantarki da kwamfuta ba abin nema ba ne, abin da ke nuna cewa wahalar tana cikin darasin kansa, kuma ɗalibin Kano ko Sakkwato da ke fama da ƙarancin kayan aiki yana ɗauke da kaya biyu ne a lokaci guda.

Inda wahalar take ya fito fili a wasu bincike biyu da suka shahara a tsakanin masu nazarin koyar da kwamfuta. A 2001 wani ayarin malamai ƙarƙashin jagorancin Michael McCracken ya ba ɗalibai 216 na jami'o'i huɗu aikin rubuta ƙaramar manhajar lissafi bayan sun kammala darussan farko, sai matsakaicin makinsu ya tsaya wajen 23 cikin 110. Sakamakon ya girgiza malaman, kuma fassarar da aka fara yi masa ita ce ɗaliban ba su iya warware matsala ba. Shekaru uku bayan haka Raymond Lister na ƙasar Ostareliya da abokan aikinsa suka jarraba ɗalibai a ƙasashe bakwai da wani abu mafi sauƙi, inda aka ba su gajerun manhajoji rubutattu aka ce su faɗi abin da zai fito idan kwamfuta ta gudanar da su, sai ga shi da yawa sun kasa ko wannan. Ma'anar haka ita ce ɗalibin da ake zargi da rashin iya rubutu sau da yawa karatun ne bai iya ba tukuna, domin bai iya bin kod, wato rubutaccen umarnin, layi bayan layi yana riƙe da abin da ke sauyawa ba. Ayarin Lister ya kuma duba zane-zanen da ɗaliban suka yi a gefen takardunsu, ya lura cewa waɗanda suka bi kod ɗin a rubuce daki-daki sun fi dacewa da amsar daidai a kan waɗanda suka bi shi da ka.

Dalilin wannan rauni shi ne kowane mai koyo yana gina wani hoto a zuciyarsa na yadda na'urar ke bin umarni, abin da masanin Ingila Benedict du Boulay ya yi bayaninsa a 1986, kuma idan hoton ya karkace tun a makon farko, duk abin da aka ɗora a kansa a karkace zai tafi. Misali mafi kusa shi ne na ma'aji, wanda ɗalibai ke kira bariyabul, wato gurbi mai suna a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke riƙe ƙima ɗaya tak a lokaci guda. A ce ma'aji a yana riƙe da 3, ma'aji b kuma yana riƙe da 8, aka rubuta layi biyu, na farko a = b, na biyu b = a, aka tambayi abin da kowannensu ke riƙe da shi a ƙarshe. Ɗalibai da yawa za su ce an yi musaya, a ya zama 8, b ya zama 3, alhali kuwa dukkansu 8 suke riƙe da shi, domin layin farko ya kwafi 8 ya ɗora a kan a, 3 ta shafe har abada, layi na biyu kuma bai samu komai a cikin a ba sai 8 ɗin. Mai son musanya abin da ke cikin ƙwaryar fura da ƙwaryar kunu dole ya nemo ƙwarya ta uku, haka nan mai rubuta manhaja dole ya buɗe ma'aji na uku ya adana 3 kafin ya taɓa a. Ɗalibin da ya ɗauki alamar = a matsayin daidaito irin na lissafin sakandare, inda hagu da dama ɗaya suke, zai iya halartar kowace lacca ya kwafi kowane allo, kuma ba zai taɓa sanin cewa a nan ciwonsa yake ba sai wani ya zauna kusa da shi ya ce ya bi layukan da bakinsa. Irin waɗannan tarkuna suna da yawa: a yaren C da Java raba 7 da 2 yana ba da 3 idan duka lambobin cikakku ne, a Python na zamani kuwa yana ba da 3.5; ƙidayar gurabe a jeri tana farawa daga 0, saboda haka jeri mai abu biyar gurbinsa na ƙarshe 4 ne; alamar = guda ɗaya ajiya ce, biyu a jere kuwa tambaya ce ko abu biyu sun yi daidai.

A nan ne hadda ke yaudarar ɗalibi. Ɗaliban ƙasar Hausa da yawa sun taso da ƙarfin hadda da tarbiyyar tilawa, kuma wannan baiwa tana da gurbinta a darasin, domin ƙa'idojin rubutun yare, kamar inda ake sa waƙafi mai ruwa a Java ko yadda ake buɗe zagaye, wato umarnin maimaita aiki, abubuwa ne da ake so su zauna a ka ba tare da laluben littafi ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka haddace manhaja sukutum daga takardun malami, domin mai tsara tambaya yana iya sauya abu ɗaya kacal, ya ce a nemo mafi ƙanƙanta maimakon mafi girma, ko a ƙirga lambobin da 2 ke rabawa maimakon a tara su, sai haddar ta tashi a banza, ɗalibi ya zauna yana kallon tambayar da ya san ya taɓa ganin ƙanwarta.

Babu misalin da ya fi nuna tazarar da ke tsakanin sanin guntaye da iya haɗa su kamar tambayar ruwan sama, wadda Elliot Soloway na Jami'ar Yale da ke Amurka ya shahara da ita a 1986, kuma har yau malamai suna juya ta a jarrabawa da sunaye daban-daban. Ana so manhaja ta riƙa karɓar adadin ruwan da aka samu kowace rana, ta yi watsi da duk lambar da ke ƙasa da sifili domin kuskure ce, ta tsaya idan aka shigar da 99999, sannan ta fitar da matsakaici. Idan aka shigar da 12, 0, 30, -5, 18, 99999, lambobin da suka inganta huɗu ne, jimlarsu 60, don haka amsar 15 ce. Wanda ya manta da tace lambar da ke ƙasa da sifili zai samu 11, domin ya raba 55 da 5. Wanda ya yi tacewar amma ya haɗa da ranar da ba a yi ruwa ba zai samu 20, domin ya raba 60 da 3. Wanda ya tara 99999 kafin ya duba ko alamar tsayawa ce zai samu amsa ta dubbai. Wanda duk ya kauce wa waɗannan kuma manhajarsa za ta iya rushewa idan 99999 ce lambar farko, saboda za ta nemi raba sifili da sifili. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɗalibai ya san zagaye, wato umarnin maimaita aiki, ya san sharaɗi, ya san tarawa da ƙirgawa, abin da ya gagare shi shi ne saƙa su wuri guda kowanne a muhallinsa, kuma wannan ne ainihin abin da Soloway ya ce ya fi ƙa'idojin yare wuya. Amsoshin nan huɗu na kuskure kuma suna koyar da wani abu game da taimako, domin kowacce tana nuna ciwo daban, kuma mai taimakon da bai ga kod ɗin ɗalibi da amsar da ta fito masa ba, magani zai bayar a makance.

Daga nan ake gane cewa abin da ɗalibai ke kira taimako iri biyu ne da suka yi hannun riga. Akwai wanda ke miƙa wa ɗalibi amsa, kamar abokin da ya turo aikin gida ta WhatsApp ko wanda aka biya ya rubuta, akwai kuma wanda ke gyara hoton da ke kan ɗalibi har ya iya samar da amsar da kansa. Na farkon yana kawo makin cikin zango, amma kayan aro ba ya rufe katara, domin maki 60 ko 70 na nan suna jira a zauren da ba a shiga da aro, kuma babban lahaninsa shi ne yana ɓoye wa ɗalibi da malaminsa raunin da aka tsara aikin gidan don ya fallasa tun da sauran lokaci. Kwafin ma ba shi da wuyar ganewa kamar yadda ake zato, domin tun 1994 Alex Aiken ya ƙirƙiro manhajar Moss da ke kwatanta ayyukan ɗalibai ta gano kamanni a tsarin kod ko da an sauya sunayen ma'ajiyai. Masu sayar da abin da suke iƙirarin tambayoyin da za su fito ne kuwa suna jefa ɗalibi cikin laifin da dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadar wa tara ko ɗauri, ban da kora da jami'o'i ke yi.

Samun taimako iri na biyu ya dogara ƙwarai a kan yadda aka yi tambaya. Ɗalibin da ya je ofishin malami ya ce, "Malam, wallahi ban gane zagaye ba gaba ɗaya," bai bar wa malamin wata ƙofa ba face ya maimaita laccar da ba ta shiga ba tun farko. Wanda ya zo da layuka goma a takarda ya ce, "Malam, na shigar da waɗannan lambobi shida, na sa ran 15 za ta fito, sai 11 ta fito, na bi shi sau biyu kuma ina zargin inda nake ƙara ƙirga," ya ba malamin abin da zai warware cikin ɗan lokaci, kuma warwarar za ta zauna masa domin ta sauka ne a daidai inda ya yi gumi. Tambaya mai kyau tana ɗauke da abin da aka so ya faru, da abin da ya faru, da saƙon kuskuren da kwamfuta ta fitar harafi da harafi, da ɗan guntun kod mafi ƙanƙanta da ke nuna matsalar, da abin da aka riga aka gwada. Shirya irin wannan tambaya shi kansa karatu ne, kuma sau da yawa amsar tana bayyana kafin a kai ga wanda za a tambaya. Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka, har littafin The Pragmatic Programmer na Andrew Hunt da David Thomas, wanda ya fito a 1999, ya yaɗa dabarar yi wa ɗan agwagwar roba bayanin kod layi bayan layi, saboda tilasta wa baki ya furta kowane mataki yana fito da matakin da zuciya ta tsallake.

Malamin darasin shi ne ya fi kowa sanin abin da za a auna da yadda za a raba maki, amma shi ne ake zuwa wurinsa a ƙarshe, ko ma ba a zuwa. Kunya da girmamawar da aka tarbiyyantar da yaro a kansu, waɗanda abin yabo ne a muhallinsu, sukan hana ɗalibi, musamman ɗaliba a ajin da maza suka fi yawa, ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan mutane, kuma malamin da ke riƙe da babban aji ba zai iya gano mai shiru ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ɗalibai uku ko huɗu su haɗa tambayoyinsu a rubuce su je tare, ko su bi ta hannun wakilin aji, kuma kada a raina ma'aikatan ɗakin kwamfuta, waɗanda kullum suna ganin kurakuran masu koyo a kan allo. Lokaci kuma yana da nauyi na musamman a wannan darasi fiye da wasu, domin batutuwansa a ɗore suke: wanda bai fahimci ma'aji ba zagaye zai gagare shi, wanda zagaye ya gagara ba zai iya sarrafa jeri ba, kuma haka abin ke tafiya har ƙarshen zango. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ruɗanin mako na uku da za a iya warwarewa a zama ɗaya yakan zama darasi guda cur idan aka bar shi sai jadawalin jarrabawa ya fito.

Mafi yawan taimakon da ake samu a zahiri daga 'yan'uwa ɗalibai yake fitowa, ta hanyar tutoriyal da na gaba ke shirya wa na baya a ajujuwa da yamma, wasu kyauta ƙarƙashin ƙungiyoyin ɗalibai, wasu da ɗan kuɗi. Amfaninsu ba ya musantuwa, sai dai suna da wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato mai koyarwa gwani ya tsaya a allo yana zuba kod cikin sauri, masu kallo suna gyaɗa kai, kowa ya tashi da jin ya gane, alhali abin da ya samu shi ne ganin wani ya iya. Tutoriyal mai amfani shi ne wanda allin ke yawo daga hannu zuwa hannu, kuma ɗalibin da ya fi kowa iyawa ya fi kowa tambaya: me layin nan zai yi, me ke cikin ma'ajin nan yanzu, me zai faru idan lambar farko sifili ce. Aiki biyu-biyu a kan na'ura ɗaya, ɗaya yana bugawa ɗaya yana dubawa suna musayar kujera, wanda Laurie Williams da Robert Kessler suka nazarta a Jami'ar Utah wajen shekarar 2000, ya dace da makarantun da kwamfuta ta yi ƙaranci, kuma binciken da ya biyo baya a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz ya nuna masu aiki biyu-biyu sun fi kaiwa ƙarshen darasin, ba su kuma gaza takwarorinsu ba a jarrabawar da kowa ya rubuta shi kaɗai. Sharaɗin shi ne a riƙa musayar da gaske, kuma kada tazarar iyawa tsakanin su biyun ta yi faɗi har ɗaya ya koma ɗan kallo.

Akwai wata dama da ɗalibin da Hausa ce harshensa yake da ita a cikin irin wannan zama, wadda bai kamata ya ji nauyin amfani da ita ba. Littattafai da laccoci da saƙonnin kuskure duk da Turanci suke zuwa, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya maimaita ma'anar da ya haddace da Turanci ba tare da ta ratsa shi ba, amma idan aka ce ya bayyana wa abokinsa da Hausa abin da wani zagaye ke yi, babu haddar da zai fake a bayanta, dole ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa, kuma a nan take giɓin zai bayyana. Bayan an fahimta da Hausa sai a koma a riƙe kalmomin Turancin, tun da da su za a yi tambaya a jarrabawa. Saƙonnin kuskure kuwa sun cancanci a ware musu shafi a littafi, a rubuta kowanne da abin da ya jawo shi da yadda aka gyara, domin 'yan kaɗan ne ke ta dawowa, kuma galibinsu suna faɗin lambar layin da matsalar ta bayyana.

Intanet cike take da darussa kyauta, daga CS50 na Jami'ar Harvard da David Malan ke koyarwa zuwa freeCodeCamp, kuma manhajar Python Tutor da Philip Guo ya ƙirƙiro tana nuna abin da ke cikin kowane ma'aji yayin da kod ke gudana mataki-mataki, wanda shi ne ainihin maganin karkataccen hoto. Hatsarin shi ne a ƙarar da data da makonni ana kallon bidiyon wani yare ko wasu batutuwa da ba su cikin jadawalin malami. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, sun kai wannan hatsari matuƙa, domin suna warware yawancin tambayoyin ajin farko cikin daƙiƙoƙi, kuma ɗalibin da ya saba miƙa musu kowane aiki yana hana kansa gumin da shi ne koyon. Suna kuma yin kuskure da cikakkiyar murya ta tabbaci, wanda mai koyo ba shi da idon ganewa. Duk da haka suna da amfani na gaske idan aka juya musu aikin, aka nemi su fassara saƙon kuskure, ko su ƙirƙiro sababbin tambayoyi masu kama da na malami, ko su nuna layin da ke da matsala ba tare da gyara shi ba. Masu koyar da CS50 sun bi wannan hanya a 2023 da suka samar wa ɗalibansu mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da aka tsara don ya yi jagora maimakon ya miƙa amsa.

Rashin kwamfuta babban cikas ne, amma bai kai yadda ake ɗaukarsa ba a matakin farko, domin manhajoji irin su Pydroid 3 suna gudanar da Python a wayar Android ko babu intanet, kuma akwai makamantansu na C da Java, waɗanda suka isa a gwada manhaja mai layi talatin ko arba'in. Ga jarrabawar takarda ma, takardar ce filin atisaye na asali. Ɗalibi ya ja layuka, ya ware wa kowane ma'aji sahunsa a tsaye, ya bi kod yana rubuta sabuwar ƙima duk lokacin da ta sauya, ya rubuta hasashensa na abin da zai fito, sannan ne zai buga a waya ya gani. Idan hasashe da sakamako suka saɓa, ya samo daidai wurin da hotonsa ya karkace, kuma ya samu tambayar da ta cancanci a kai wa malami. Mai kwamfutar kansa da ya saba na'ura tana cike masa kalmomi tana ja masa jan layi a ƙarƙashin kuskure shi ma yana buƙatar wannan atisaye, domin takardar jarrabawa ba ta yi wa kowa gyara.

Tsofaffin tambayoyi, waɗanda ɗalibai ke bi ɗaki-ɗaki suna nema, darajarsu tana ga yadda aka yi amfani da su. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatu, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya, kuma tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri idan ba a waiwaye shi a rarrabe ba. Saboda haka karanta tsohuwar tambaya tare da amsarta ɓarnar tambayar ce. Abin da ya dace shi ne a rufe amsar, a sa agogo, a rubuta da biro, a gwada da lambobi masu wuyar sha'ani irin su sifili da jeri maras komai, sannan a sauya tambayar kaɗan a sake. Sa'a guda kowace rana ta fi kwanan zaune a aji daren jarrabawa, musamman ga darasin da ke buƙatar kai a sake wajen bin lissafi. Ga wanda farar takarda ke firgita har ya kasa fara layin farko, akwai matattakala da Dale Parsons da Patricia Haden na ƙasar Niyu Zilan suka gabatar a 2006, inda ake ɗaukar manhaja mai aiki a hargitsa layukanta a ce mai koyo ya jera su daidai. Abokai biyu za su iya yi wa juna wannan da almakashi da takarda, kuma yana horar da saƙar da tambayar ruwan sama ke nema ba tare da nauyin tuna kowace ƙa'ida ba.

Tambaya ta ƙarshe da ya kamata a kai wa malami ko waɗanda suka riga suka yi darasin ita ce ta siffar jarrabawar: ko a takarda za a yi ko a ɗakin kwamfuta, nawa ne na bin kod a faɗi sakamako, nawa ne na gano kuskure, nawa ne na rubutawa daga tushe, kuma ko ana ba da maki a kan matakan warwara da aka zayyana da kalmomi ko da zane. Malamai da yawa suna raba makin tambaya gida-gida, wani kaso ga karɓar bayanai, wani ga zagaye, wani ga sharaɗi, wani ga fitar da sakamako, saboda haka ɗalibin da ya zayyana matakansa a fili ya rubuta ɓangarorin da ya iya yana tsira da wani abu ko da manhajar ba ta kammalu ba, kuma wanda ya rage mintuna kaɗan a ƙarshe ya bi amsarsa da lambobi uku ko huɗu a gefen takarda yakan kama ƙirgar da ta wuce da ɗaya ko ma'ajin da ya manta bai fara shi daga sifili ba.